Hannun da Ya Ɗaga Asabari

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci haske, ya halicci idon da ke karɓarsa, ya kuma sani tun azal abin da kowane ido zai tsaya a kansa da abin da zai tsallake. Tsira da aminci su daɗa tabbata ga Annabinsa, wanda ya fi kowa kyautata wa iyalinsa, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu, har zuwa ranar da babu abin da zai saura a ɓoye.

Bayan haka, ni tsoho ne mazaunin Birni a Damagaram, a gidan da mahaifina ya bar mini tsakanin duwatsu. Na kusa shekara hamsin ina karantar da fiƙihu da nahawu a zauren gidan nan. Ban taɓa zaton zan ɗauki alƙalami don in yi magana a kan na'urar ɗaukar hoto ba, domin ni ne mutumin da ya hana ɗaukar hoto a gidansa. Malamai sun yi saɓani a kan mas'alar. Wasu sun ce hoto tsare inuwa ne kawai, kamar abin da madubi ke nunawa, babu laifi a cikinsa. Wasu sun haɗa shi da suranta mai rai, suka hana. Na karantar da maganganun biyu da adalci, amma a cikin gidana na ɗauki mai tsanani. Na ce ba a ɗaukar kowa sai abin da hukuma ta tilasta, kamar hoton kartin dantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa.

Babu wanda ya riƙe wannan doka kamar maiɗakina, Allah ya jiƙanta. Ta fi ni riƙe ta. Da zamanin salula ya zo, jikoki suka cika gida da wayoyi, duk wanda ya ɗaga tasa wajenta sai ta ja mayafi ta ce, "Malam ya hana." Shi ke nan, magana ta ƙare.

Ƴar Gidimuni ce. Na je can karatu ina saurayi wurin baffanta, a wata unguwa da ke kallon tafki, inda dabino da rake suke har bakin ruwa. Aka tambaye ta, aka tambaye ni, kowa ya ce ya yarda. Muka zauna shekara arba'in da bakwai, ita kaɗai ce matata, ban ƙara ba. Amma ya kamata mai karatu ya san irin zaman mutanenmu na wancan lokaci. Idan za ta yi mini magana, sai ta durƙusa a gefe, fuskarta na kallon ƙasa ko bango. Ni kuma idona yana kan littafi. Ba fushi ba ne, ba kuma rashin so ba ne. Haka muka ga iyayenmu suna yi, muka ɗauka wannan shi ne mutunci. Na san takun ƙafarta a cikin takun mata goma. Na san ɗan tarin da take yi kafin ta shigo, don kada ta katse mini aya. Na san ƙamshin turaren wutarta da yadda take ajiye kwano ba a ji ƙararsa ba. Na ɗauka na san ta sarai.

Ta rasu da rani, bayan jinya ta kwana goma sha ɗaya. Wata bakwai bayan haka, ina zaune da hantsi na idar da walaha, sai na nemi fuskarta a zuciyata. Na rasa. Na sake nema. Mayafin ya zo, wuyan ya zo, har ɗan kunnen azurfa da na sayo mata a kasuwar Dole ya zo, amma tsakiya babu komai, kamar allon da aka wanke. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ranar da aka binne ta. Ni da ke riƙe da Alƙur'ani a ka, da dubban baitoci na nahawu da fiƙihu, ban ɓatar da wasali ɗaya ba, sai ga shi fuskar da ta kwana ta tashi a gidana kusan rabin ƙarni ta zame mini. Na tambayi kartinta. Aka ce ai shekarar da ruwa ya kayar da bangon ɗakinta ya jiƙe a cikin akwati, hoton ya saluɓe daga takardar. Ba ta sabunta ba, don ba ta tafiya ko'ina.

Ban gaya wa kowa ba. Me zan ce? Malamin da ake zuwa wurinsa neman haƙuri, shi ne zai ce ya manta fuskar matarsa?

A jikin bangon zaurena, kusa da alkukin da nake ajiye tawada, akwai hoto guda ɗaya tak. Hoton rubutu ne, shi ya sa na yarda da shi. Ga yadda aka yi ya samu.

Akwai wani Alhaji Bakano, ɗan kasuwa mai sayar da wayoyi da kayan lantarki, wanda ke kawo kaya Damagaram yana kuma zuwa ƙasashen Larabawa saro su. Duk sa'ad da ya shigo gari sai ya zo ya ɗauki karatu a wurina, babi ɗaya ko biyu, ya tafi. Shekara ashirin muna haka bai gama littafi guda ba. Tsakaninmu da Kanawa akwai wasa tun na kakanni, saboda haka shi kaɗai ne almajirina da ke tsokanata ina tsokanarsa. Wata rana da damina, shekara goma kafin rasuwar maiɗakina, ya zo da wani abu a aljihu, dogo mai kusurwa huɗu, bai wuce tsawon tafin hannu ba, gilashi a baki ɗaya, ɗan allo a ɗaya bakin.

Na ce, "Alhaji, yau kuma gwangwanin me ka kawo za ka cuci Damagarawa?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ya fi ƙarfin Damagarawa, ko Kanawa sun kasa saye. Na'urar hoto ce, amma ba irin wadda ka sani ba. Su sauran, idan za ka ɗauka sai ka zaɓi abu ɗaya ya fito tar, duk abin da ke gabansa ko bayansa ya zama dishi-dishi, kuma an gama ke nan har abada. Wannan kuwa sai ka ɗauka tukuna, daga baya ka zaɓa. Ka taɓa na kusa, na kusa ya fito. Ka taɓa na nesa, na nesa ya fito."

Na ce, "Ta yaya abin da ya riga ya wuce zai karɓi gyara?"

Ya yi mini bayani gwargwadon abin da mai sayarwa ya gaya masa. Ya ce a cikinta akwai ƙananan gilasai masu ɗimbin yawa a jere kamar saƙar zuma. Sauran na'urori suna riƙe yawan hasken da ya sauka a kowane wuri ne kawai, ita kuwa tana riƙe har da hanyar da kowane zaren haske ya biyo ya iso. Tun da ta san inda kowanne ya fito, tana iya tara su daga baya yadda aka so. Abin ya burge ni, domin na tuna saɓanin magabata a kan gani: shin haske ne ke fita daga ido ya tarar da abu, ko daga abu yake tasowa ya shiga ido? Masu magana ta biyu ne suka rinjaya, ga shi kuma wani maƙeri a wata ƙasa ya gina akwati a kan maganarsu. Amma na ce masa ya mayar da ita aljihu, ya san dokar gidan.

Ya ce, "Ba kai zan ɗauka ba, Malam, wa zai sayi hotonka? Littattafan nan nake ji wa tsoron gara."

Nan ya kama ni. Ina da littafin fiƙihu da mahaifina ya kwafe da hannunsa, warƙa-warƙa a cikin gafaka, gara ta riga ta taɓa gefensa. Na ɗauko warƙar ƙarshe, inda ya rubuta da jar tawada cewa ya kammala, ya roƙi mai karatu addu'a. Muka shimfiɗa ta a kan matashi. Na zauna na danne gefenta da yatsu biyu, bayana yana wajen ƙofar da ke shiga cikin gida, wadda asabari ke rufe da ita kullum. Alhaji ya durƙusa a gabana yana ta leƙen ɗan allonsa yana tsaki. Ya ce duhu ya yi yawa, na'urar ba ta son duhu. Na ce ba zan fitar da rubutun mahaifina waje da damina ba. Muka yi ta ja-in-ja. Can sai haske ya zubo a kan takardar, jar tawadar ta tashi kamar yau aka rubuta. Na ce, "Alhamdu lillahi, gajimaren ya wuce." Alhaji kuwa ya yi ta dannawa. Ya daɗe yana yi, yana matsawa yana komawa.

A ƙarshe na'urar ba ta yi wa littafi amfani ba, don ƙananan haruffa ba su fita sosai a cikinta. Warƙar ƙarshen nan kaɗai, mai manyan baƙaƙe, ita ta karantu. Ya wanko mini ita a takarda a zuwansa na gaba, na rataye. Rubutun mahaifina tar, da yatsuna biyu. A kusurwar sama ta dama akwai wani haske da wani shuɗi-shuɗi a cakuɗe, marar siffa. Shekara goma ina kallon hoton nan kullum, ban taɓa tambayar kaina mene ne wancan ba.

Ƴata ta fari ce ta gaya mini. A nan ma sai na yi bayani. A al'adarmu uba yana kunyar ɗan fari: ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya ƙura masa ido. Na bincika ban sami tushen wannan a littafi ko ɗaya ba, amma na bi shi fiye da yadda na bi abubuwa da yawa da ke cikin littattafai. Tun da aka yaye ta aka kai ta Gidimuni wurin kakarta, daga can aka yi mata aure zuwa unguwar Zango, nan cikin garinmu. Yanzu ta kusa hamsin, tana da jikoki. Da mahaifiyarta ta rasu sai ta ɗauki zuwa kowace safiya, ta duba abincina, ta share zaure, ta koma. Idan zan kira ta sai in ce "ke wannan." Idan za ta amsa sai ta juya wa bango. Ranar zaman makoki na lura tsofaffin matan da suka zo daga Gidimuni suna fashewa da kuka da zarar ta fito gaishe su, ban kuwa tambayi dalili ba.

Tana share ƙurar hoton nan wata safiya, sai na ji tsintsiya ta tsaya. Ta ce, tana fuskantar bango, "Baba, wannan shuɗin ai zanen Inna ne. Mai ɗigon fari, wanda take ɗaurawa ranar Juma'a."

Da ta fita na sauke hoton, na kai shi bakin ƙofa, na sa tabarau, na kusantar na nisantar. Shuɗi ne kawai a cikin haske. Amma da aka faɗa mini, sai na ga tsayin mutum ne, a daidai inda ƙofar cikin gida take.

Washegari na naɗe shi a cikin rawani na tafi shagon wani mai hoto kusa da kasuwa, abin da ban taɓa yi ba. Mutumin ya san ni, ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi. Ya sa hoton a ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, ya girmama shi har ya cika allo, sai shuɗin ya ƙara bajewa. Ya ce abin da takarda ba ta riƙe ba, ba za ta bayar ba. Sa'an nan ya sassauta murya ya ce yanzu akwai dabarar da na'ura ke cike gurbi da kanta. In na kwatanta masa, za ta ƙera fuska mai kyau a wurin. Na ce masa, "Ɗana, da ina iya kwatantawa da ban zo ba. Kuma fuskar da na'ura ta ƙago, ta wa ce?" Na ji tsoron in rataye ƙarya a bango, in yi ta kallonta har ta kore ɗan abin da ya rage mini na gaskiya.

Sai na tuna maganar Alhaji: ka taɓa na nesa, na nesa ya fito. Na sa aka kira mini shi a salula. Bayan gaisuwa na tambaye shi ko gwangwanin nan yana nan.

Ya ce, "Wane gwangwani? Kai, Malam! Ai masu ƙera shi ma sun daɗe da rufe kamfaninsu. Sai yanzu Damagarawa suka gane amfaninsa?"

Na gaya masa abin da ƴata ta ce. Sa'an nan ya ce, da wata murya dabam, "Ita ce, Allah gafarta Malam. Na ga inuwar mutum a ƙofar ranar nan. Amma baƙo ba ya ɗaga ido zuwa cikin gidan malaminsa, shi ya sa ban duba ba, ban kuma taɓa wurin a na'urar ba." Ya ce hotunan a cikin cikinta suke zama, bai goge ba, amma bai san inda take ba, bai kuma san ko batirinta zai farka ba bayan waɗannan shekaru. Ya ce zai nema.

Wata huɗu na jira. Iyakar ƙasarmu da ta su Alhaji tana rufe a lokacin, zirga-zirga ta yi wuya. A cikin watannin nan na koma wa mas'alar hoto na karanta ta daga farko, domin na ji tsoron kada son zuciya ya zama shi ne muftina. Na tarar da hujjojin suna nan yadda na bar su, babu wadda ta ƙaru, babu wadda ta ragu. Masu sauƙaƙawa malamai ne amintattu, na sha faɗa wa almajiraina haka. Abin da na gane shi ne, na zaɓi tsanani ina saurayi ba don hujjarsa ta fi ƙarfi a wurina ba, sai don ya fi kama da abin da ake tsammani daga malami. Kuma ba ni na ɗauki nauyinsa ba. Ita ta ɗauka, da mayafinta, shekara da shekaru. Na nemi gafarar Allah a kan wannan, ina kuma nema.

Kowace safiya ina gwada zuciyata, ko fuskar ta dawo. Wani lokaci sai in ji ta kusa, kamar kalmar da ke kan harshe, ina miƙa hannu sai ta janye.

Alhaji ya iso wata Laraba da hantsi, ƙafafunsa furu-furu, bai ko biya masaukinsa ba. Ya ce a ƙarƙashin wasu kwalaye ya same ta a shagonsa na Kano. Wani mai gyara ya kwana uku a kanta kafin ta buɗe ido, kuma ba ta riƙe wuta. Sai tana jone take aiki. Muka ci sa'a akwai kuran, wato wutar lantarki. Ya jona ta a bangon zaure, igiyar gajera ce, dole muka zauna a ƙasa dab da bango kamar masu laifi.

Ya ce, "Ban duba ba, Malam. Na ga hoton yana nan, na kashe. Kai za ka taɓa."

Ɗan allon bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ga rubutun mahaifina, ga yatsuna, ga shuɗin a kusurwa. Na taɓa sau biyu ban dace ba. A na uku sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Rubutun ya narke a hankali, jar tawadar ta baje ta zama hazo, yatsuna suka ɓace. Can baya kuma ƙofa ta taso, ta tsaya, ga sandunan asabari ɗaya-ɗaya, ga ɗigon fari a kan shuɗin zane.

Tana tsaye a bakin ƙofa. Hannunta na dama yana sama, ta ɗage asabarin sama da kanta, rana tana kwararowa ta ƙarƙashinsa zuwa kan takardar. Babu wani gajimare da ya wuce. Ga lalle a yatsunta, ga awarwaro ya zame har gwiwar hannu. Fuskarta kuwa ta kawar da ita, ta ɓoye a bayan damtsen da ta ɗaga. Ta ga na'ura, ta tuna Malam ya hana.

Na ce wa Alhaji, "Juya ta."

Ya ce, "Ba ta juyuwa, Allah gafarta Malam. Sai dai ɗan karkatawa kaɗan, kamar mutum ya leƙa." Ya ja yatsa a kan allon, hoton ya ɗan gusa, kamar an matsar da kai gefe. Sai ga bakin kunci ya fito daga bayan hannun, da ƙarshen gira, da ɗan kunnen azurfar nan. Ya ja iyakar yadda za ta je. Daga nan ta tsaya. Muka duba sauran hotunan, guda tara, a duka haka take: hannu a sama, fuska a ɓoye. Tsawon lokacin da muka ɗauka muna gardama da gyaran zama, ba ta sauke hannun ba.

Na'ura ta cika alkawarinta, ta riƙe hanyar kowane zaren haske. Amma hasken da bai taso daga fuskarta zuwa gare mu ba, babu maƙerin da zai dawo da shi, kuma ni na tare shi da bakina.

Sai na ji ɗan tari a bayan asabari. Irin tarin maiɗakina ne sak. Ƴata ce. Ta ce, "Baba, in zo in gani?"

Alhaji ya miƙe ya ce zai je ya duba motar kayansa, ya fita. Ta shigo ta durƙusa a nesa yadda ta saba, amma daga nan ba a ganin komai, allon ƙarami ne, igiyar kuma gajera. Dole ta matso, ta ƙara matsowa, har kafaɗarta ta kusa taɓa tawa. Tun tana jaririya ba mu taɓa kusantar juna haka ba. Ta daɗe tana kallo. Ina jiran kuka, sai na ji ta yi wata ƴar dariya ta toshe baki.

Ta ce, "Wayyo Inna. Baba, ai dariya take yi."

Na ce, "Ke wannan, fuskar a rufe take. Ina kika ga dariya?"

Ta ce, "Dubi kuncin, ya hau sama ya ture ɗan kunnen. Haka take yi idan tana danne dariya. Ai ta ba ni labarin ranar nan. Ta ce ta ji ku kuna ta faɗa a kan duhu, manyan mutane biyu sun durƙusa gaban gwangwani, babu wanda ya tuna akwai ƙofa. Ta zo ta ɗaga muku. Sai ta ji ka ce gajimare ya wuce. Ta ce saura kaɗan ta saki asabarin. Har ta rasu, in na ce mata hannunki fa, Inna, sai ta ce, bar shi, hannun gajimare ne."

Na ce, "Ba ta taɓa gaya mini ba."

Ta ce, "Ta ce in ta faɗa za ka ji kunya."

Na juya don in tambaye ta wani abu, na ma manta ko mene ne. Ita kuma ba ta sami damar kawar da kai ba, saboda kusanci. Dariyar ba ta gama sauka daga fuskarta ba, hawaye kuma sun fara. Kuncin hagu ya hau sama ya ture ɗan kunne. Ga girar da na ga ƙarshenta a allo, ga ta nan cikakkiya, da ɗan lanƙwasar da take yi a tsakiya. Ga goshin, ga yadda leɓen ƙasa ke shigewa ciki. Sai allon da aka wanke a zuciyata ya fara cika, ba da fuskar ƴata ba, da wata mai kama da ita, wadda ta fi ta duhu kaɗan, ta fi ta ƙanƙantar haɓa, mai tsaga biyu a gefen ido da ƴata ba ta da su. Bambancin ne ma ya dawo mini da ita. A lokacin na gane abin da ya sa tsofaffin Gidimuni kuka.

Ta sunkuyar da kai ta yunƙura za ta tashi. Na kira ta da sunanta. Shi ne karo na farko tun ranar da na raɗa mata shi a kunne. Na ce, "Zauna."

Da Alhaji ya dawo ya tarar da mu haka, ya tsaya a bakin zaure ya ce, "To, Malam, an ga abin da ake nema?"

Na ce, "An ga hannu."

Ya ce, "Wata huɗu ina tonon kwalaye saboda hannu? Kai, Damagarawa!" Amma muryarsa ba ta yi daidai da wasan ba, ya juya yana gyara hularsa. Ya so ya bar mini na'urar, na ce ya wanko mini wancan hoton a takarda ya tafi da abarsa, don ba na son in zauna ina jiran ranar da za ta ƙi farkawa. Yanzu hotuna biyu ne a bangon, gefe da gefe. A ɗaya rubutun mahaifina ya fito, ita ta zama hazo. A ɗaya ita ta fito, rubutun ya zama hazo. Alhaji ya ce akwai yadda ake sa duka biyun su fito tare, amma sai da wata manhaja da ba ya da ita yanzu. Na ce ya bari haka.

Ba zan ce kewa ta tafi ba. Ta ƙaru ma, domin yanzu na san wadda nake kewa. Akwai safiyar da fuskar ke zuwa cikakkiya, akwai wadda sai rabi. Akwai tambayoyin da nake da su waɗanda ƴata ba ta san amsarsu ba: sau nawa aka ɗaga mini asabari na gode wa gajimare? Wannan sai ranar da Allah ya haɗa mu, idan ya yi mini rahama. Amma ƴata, in ta gama shara, ba ta ƙara juya wa bango. Tana zama a kan tabarma a gabana ta ba ni labarin Innarta, ni kuma ina rufe littafin. Kwanakin farko dukanmu biyu ƙasa muke kallo. Yanzu muna ɗan iyawa.

Ya Allah, ka jiƙan wadda ta riƙe mini haske ban sani ba, ka haskaka kabarinta, ka yafe mini haƙƙinta. Ka yi albarka ga wanda ya karanta wannan da mutanen gidansa, na zaure da na bayan asabari, ka ba shi ikon ɗaga kai ya dube su tun suna tsaye a ƙofa. Amin.